Wuƙar kakana ta yi tsatsa, ko za ta gyaru?

Tambaya: Malam, a akwatin marigayi kakana na tsinci wuƙar Okapi mai naɗewa. Tsatsa ta cinye bakinta, ba ta ma buɗuwa. In kai wa mai injin washi ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kul ka kai ta injin! Zafin dutsen injin yakan kashe taurin ƙarfe, bakin ya yi shuɗi, daga nan kaifi ba ya zama. Kuma wannan wuƙa tana da asali: a Solingen ta Jamus aka fara ƙera Okapi a 1902, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Duba gindin bakin, rubutun wajen zai nuna maka inda aka yi taka.

Ɗiga kalanzir a mahaɗar, ka bar ta ta kwana. Da safe ka riƙa motsa ta a hankali, za ka ga baƙin ruwa na fitowa. Sai samfefa mai laushi da ɗan man keken ɗinki, kana gogawa ta fuska ɗaya. Jar tsatsa ce abokiyar gaba. Baƙin tabon nan kuwa ni barinsa nake yi, yana ma kare ƙarfen.

Mariƙin katakon, goge shi sama-sama ka shafa man kaɗe. Wasu kan ƙona sunansu a jiki da ƙusa mai zafi. Ni dai da tawa ce, sunan kakan zan sa. Washi ya zo ƙarshe, a dutse, da hannu.