Sautin ƙauyen Tailan da yadda ake naɗarsa

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa fim ɗin manomin ƙauye a Tailan yake cika zauren kallo a Faransa, alhali masu kallon ba sa jin ko kalma ɗaya ta yarensa. Rabin amsar tana wajen mai riƙe da makirufo.

Dubi fim ɗin Uncle Boonmee na darakta Apichatpong Weerasethakul, wanda ya ci Palme d'Or, babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa, a 2010. Boonmee mutum ne mai gonar tsamiya da amyar zuma a yankin Isan, arewa maso gabashin ƙasar, ciwon ƙoda na cinsa. Magana kaɗan ce, kyamara kan daɗe a wuri guda. Abin da ke zaunar da kai kan kujera shi ne kukan gyare da kwaɗi da iska cikin ganye, kuma wannan kowa ya san shi, ba ya buƙatar tafinta.

Ga yadda ake samunsa. A kowane wuri, bayan an gama ɗaukar 'yan wasa, sai a sa kowa ya yi tsit, ka naɗi sautin wurin shi kaɗai na minti 3 zuwa 5. Ka maimaita da asuba, da tsakar rana, da dare, don ƙwarin kowane lokaci muryarsu daban. In ba ka yi haka ba, mai haɗa hoto zai yanka daga fuska zuwa fuska, kukan gyare ya riƙa tsalle, kunne ya gane ɗinkin nan take. Gyare kuma ƙararsa siririya ce, tana danne "s" da "sh" a bakin ɗan wasa. Saboda haka ka maƙala ƙaramin makirufo a ƙirjinsa, kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, ka ware sautin daji a layinsa daban. Janareta a kai shi bayan gida ko tudu, da doguwar waya. Gurnaninsa ba ya fita tas a kwamfuta, duk abin da aka faɗa maka.

Damina a can daga Mayu zuwa Oktoba take, laima kuwa mugu ce: kyamarar da ta fito daga mota mai sanyi gilashinta zai yi hazo. A bar ta a rufe cikin jaka ta ɗauki ɗumin waje tukuna.

Inda aka fi yin asara shi ne fassarar ƙasan allo. Mutanen Isan yarensu ya fi kusa da na maƙwabciyar ƙasa Lawos, kuma ɗan Tailan yana jin bambancinsa da harshen Bangkok, babban birnin ƙasar, yana gane wa ake rainawa. Baƙo ba ya ji. Layi biyu kawai gare ka, haruffa wajen 40 kowanne, don haka dole mai fassara ya zauna da ɗan yankin, su bi hirar jimla bayan jimla kafin a buga.