Yadda ake tantance manhajar ɗaukar hoton shafuka kafin gwajin tsaro

Tambaya: Wani mai karatu daga Kaduna ya rubuto cewa an ba shi aikin gwada tsaron shafukan wani kamfani, adireshi kusan 400, kuma ya samu wata manhaja ta kyauta a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, wadda ke ɗaukar hoton kowane shafi da kanta. Yana son sanin yadda zai gane ko abin dogaro ce.

Amsa: Malam, fara da binciken burauzar da ke aiki a ƙarƙashinta, domin manhajar aike kawai take yi, burauzar ce ke buɗe shafin. Idan ka ga PhantomJS ce, ka haƙura da ita, tun 2018 aka dakatar da gyaranta. Haka ma wkhtmltoimage, wadda aka rufe ma'ajiyarta ta GitHub a 2023. Waɗanda suka dogara da Chrome mai aiki ba tare da buɗe taga ba, tsarin da ya fito a 2017, su ne suka fi dacewa, kamar gowitness ta kamfanin SensePost, ko abin da aka gina a kan Puppeteer ta Google da Playwright ta Microsoft. Manhajar EyeWitness kuma tana karanta sakamakon Nmap, manhajar gano na'urori da ƙofofin da ke buɗe a hanyar sadarwa, kai tsaye, abin da ke rage wahala sosai.

Inda mutane suka fi sakaci shi ne nan: duk shafin da aka ɗauki hotonsa, sai da burauzar ta gudanar da JavaScript ɗinsa, wato lambobin umarni da shafin ke zuwa da su, a kan kwamfutarka. Saboda haka ka buɗe lambobin manhajar ka nemi "--no-sandbox". Masu rubutu da yawa suna saka shi don kawai Chrome ya yarda ya tashi a cikin Docker, manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓe, alhali ya cire katangar da ke tsakanin mugun shafi da na'urarka. Idan kuma a sabar haya kake aikin, shafi ɗaya zai iya karkatar da burauzar zuwa 169.254.169.254, adireshin da sabar ke ajiye bayanan kanta, su fito ɓaro-ɓaro a hoton. Ni dai ba na kunna irin wannan manhaja sai a cikin keɓaɓɓiyar kwamfutar gwaji da babu komai nawa a ciki.

Kafin ka ɗora mata 400, gwada ta da kaɗan. Ba ta expired.badssl.com ka ga ko za ta ɗauki shafin da takardar shaidar tsaronsa ta intanet ta ƙare, domin a gwajin tsaro irin waɗannan shafuka ne sukan ɓoye tsofaffin ƙofofin shiga. Ba ta shafi mai nauyi ka ga ko farin allo za ta kawo maka saboda gaggawa, sannan ka ba ta adireshin da ya mutu ka ga ko za ta wuce ko za ta tsaya cak.

Kada ka fara sai da izinin kamfanin a rubuce, mai ɗauke da jerin adireshin, domin dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba. Hotunan ma ka kulle su da kalmar sirri, ka goge su bayan miƙa rahoto.