Ɗauko Sabon Dukushi Daga Kasuwa Zuwa Gida: Amsoshin Wasiƙun Manoma

Wani manomi daga yankin Zariya ya rubuto cewa ya sayi dukushi ɗan shekara biyu a kasuwar Maigatari ta jihar Jigawa ranar Alhamis da ta wuce, kuma ya bar shi a hannun dillali har mako mai zuwa. Dokin bai taɓa shiga mota ba. Yana tambaya wace irin mota zai nema, kuma ko ya bi shawarar dillalin a yi wa dokin allurar sa barci da kuma ta kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗora shi.

Malam, Allah ya sanya alheri. Makon nan da ka bari zai yi maka amfani matuƙar ba a bar dokin a turke kawai ba. A sa masa ragama safe da yamma ana jan sa, a riƙa bi da shi ta kan faffaɗan katako da aka shimfiɗa a ƙasa, domin ƙarar kofatonsa a kan katako ita ce abu na farko da ke firgita dukushi a bakin mota. Ka sayi harawa da dusa irin waɗanda ya saba ci, gwargwadon abin da zai kai shi kwana goma, ka cika jarka biyu da ruwan da ya saba sha, domin doki yakan ƙi baƙon ruwa ko da ƙishirwa na damunsa. Ranar tafiya likitan dabbobi ya auna zafin jikinsa. Na lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin salshiyos, kuma idan ya haura haka, ko ana ganin majina, ko kumburi a ƙarƙashin muƙamuƙi, to a ɗage tafiyar.

Game da mota, ka hau bayanta da kanka ka tattaka daɓen, ka shafa bangon ka ji ko akwai ƙusa ko tsinin ƙarfe. A zuba yashi mai kauri, a bi shi da ɓuntun shinkafa da aka yayyafa wa ruwa don kada santsi ya kwashe shi, a yi masa inuwa daga sama amma a bar gefe iska na shiga. Kada a haɗa shi da shanu. Motar da ta ɗauko takin zamani ko siminti ko abincin kaji sai an wanke ta sarai, musamman ta abincin kaji, domin wasu nau'o'insa na ɗauke da maganin monensin wanda kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki. Wajen lodi a jingina bayan motar da tudu yadda daɓenta zai yi daidai da ƙasa, dokin ya shiga da ƙafarsa. A ajiye bulala a gefe, ko da shigar za ta ci awa guda.

Yanzu sai abin da ba ka tambaya ba, wanda kuma shi ne ya fi kashe dawaki bayan doguwar tafiya, wato yadda ake ɗaure kai. Kusan duk motar dawaki da na gani a kan hanya, an tamke ragama a ƙarfen sama, kan dokin a ɗage kamar mai kallon wata, kuma in ka tambayi yaran mota sai su ce ai don kada ya yi tsalle ne. Na sha yin bayani a kan wannan, kuma zan sake. Allah ya halicci doki yana kiwo kansa a ƙasa mafi yawan yini, kuma ta haka ne majinar da ke kwaso ƙura da ƙwayoyin cuta daga maƙogwaro take gangarowa ta fita. Idan aka ɗage kan na tsawon awoyi, ga ƙurar hanya, ga ta harawa, ga hayaƙin salansa, majinar nan ba ta da mafita sai ta koma cikin huhu tare da duk abin da ta kwaso. Dokin zai sauka garau, a yi ta barka, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ya ƙi abinci, jiki ya yi zafi, ya tsaya ya buɗe ƙafafun gaba yana numfashi sama-sama, ba ya son a juya shi saboda ciwon ƙirji. A lokacin sai a ce baki ne ya kama shi, ko a ce dillali ya sayar da maras lafiya. Na taɓa tsayawa a kan wani bidi mai kyan gaske da aka kawo a haka, aka saka masa bututu tsakanin haƙarƙari, ruwa mai wari ya riƙa zuba har ya kusa cika bokiti, mai shi yana tsaye yana ta maimaita cewa lafiya lau ya ɗora shi. Gaskiya ya faɗa, igiya ce ta jawo.

Saboda haka a sassauta igiyar yadda dokin zai iya sauke bakinsa ƙasa da ƙirjinsa, amma kada ta yi tsawon da zai tsallaka ta da ƙafa. A ɗaure ta jikin ragama, ba a linzami ba, ba kuma a wuya ba, da ƙullin da fizga ɗaya ke warware shi, kuma mai rakiya ya riƙe wuƙa a aljihu saboda ɓacin rana. Kada a yi masa dabaibayi ko tarnaƙi, domin da buɗe ƙafafu yake tokare jikinsa idan mota ta sha kwana ko ta taka birki. A jiƙa harawar kafin a ba shi. Daga Maigatari ta Gumel da Kano zuwa Zariya tafiya ce mai tsawo a babbar mota, don haka ku tashi bayan sallar asuba, kuma duk bayan awa huɗu a tsaya a inuwa, a kashe inji, a ƙara sassauta igiya, a miƙa masa ruwa. Ba a sauke dukushi a bakin kwalta. Ka zauna kusa da direba, ka kuma gaya masa tun kafin a yi ciniki cewa kuɗin tafiya a hankali kake biya.

Allurai biyun da dillali ya ambata kuwa, ka riƙe kuɗinka. Dokin da aka yi wa allurar barci ba ya iya tsare tsayuwarsa a mota mai gudu, kuma wani nau'inta yana saukar da ƙarfin bugun jini a ranar da zafi da gumi suka riga suka rage masa ruwan jiki. Idan har ta zama dole, likita ne zai auna ya yi da hannunsa. Ita kuma allurar kashe ƙwayoyin cuta ba ta maye gurbin sauke kai, tana ma iya jawo wa doki zawo mai tsanani. Wadda ta cancanci kuɗinka ita ce rigakafin tetanus, cutar da ke shiga ta rauni ta sandarar da jiki, domin ƙujewa a mota ba ta da wuya, doki kuwa yana cikin dabbobin da cutar ta fi yi wa illa.

Wani daga yankin Daura ya ce ya ga kaska a kunne da gindin wutsiyar goɗiyar da ya saya, yana so ya yi mata feshi da maganin shanunsa kafin ya kai ta gida.

Ɗan'uwa, ka ɗauko kwalbar ka karanta abin da aka rubuta a jikinta. Idan ka ga sunan amitraz, kada ɗigo ɗaya ya taɓa goɗiyar nan. Maganin yana aiki sosai a kan shanu, shi ya sa ya cika kasuwanninmu, amma a jikin doki yana tsayar da motsin hanji, dabbar ta yi laƙwas tana tangaɗi, kashi ya ɗauke, ciki ya ƙulle, kuma ana rasa dawaki ta wannan hanya. Abin da ke ba ni takaici shi ne masu sayar da maganin ba sa tambayar wace dabba za a yi wa, masu saye kuma suna ganin duk mai ƙafa huɗu ɗaya ne, har wasu su ƙara ƙarfin haɗin wai don kaskar doki ta fi taurin kai. Wanda ya riga ya yi wannan kuskure ya wanke dokin nan take da ruwan sanyi mai yawa da sabulu, ya janye hatsi, ya kira likita ba tare da jiran alamu ba. Kaska goma ko ashirin hannu ne maganinsu: a kama kowace daga gindi a zare ta a hankali, a ƙone, sannan a nemi maganin da aka rubuta sunan doki a takardarsa.

Wani ya tambaya ko ya ƙara wa doki gero da kanwa daren tafiya don ya yi ƙarfi. A'a, rage hatsin za ka yi, ka bar shi da harawa da ruwa, domin cikin da aka cika da gero ya fi saurin murɗawa a mota.

Mai tambaya ko dukushi ɗan shekara biyu zai iya fita hawan sallah mako biyu bayan isowarsa, ya haƙura sai ƙashinsa ya ƙosa.

Wasiƙa ta ƙarshe daga mai barga ce a Katsina, wanda ke da dawaki huɗu, yana tambaya ko ya ɗaure sabon a cikinsu tun ranar farko don ya saba. Alhaji, ka ware masa turke nesa da su har mako uku, da bokitinsa da mai kula da shi, wanda zai gama da sauran kafin ya zo kansa. Doki daga kasuwa ya shaƙi numfashin dawakin ƙasashe da yawa, kuma ba a manta da murar dawaki da jakuna da ta ratsa Sakkwato da Jamhuriyar Nijar a 2019 ba. A auna zafin jikinsa safe da yamma a makon farko ana rubutawa, a lura da yawan ruwan da yake sha da laushin kashinsa. Sauya abinci kuma a yi shi sannu a hankali cikin kwana goma, ana cuɗa harawar da ya zo da ita da ta gida, kullum ana ƙara ta gida kaɗan.