Magena tana zubar da mugunya, ciki ne ya lalace?

Tambaya: Likita barka da aiki. Sati uku kenan da magena ta gama kukan neman muzuru, yanzu cikinta ya kumbura, ba ta cin komai sai shan ruwa, kuma ina ganin wani abu mai wari kamar mugunya a inda take kwanciya. Kwanakin baya wani ya yi mata allurar hana haihuwa. Hankalina ya tashi wallahi. Daga Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Hajiya, alamun nan sun fi kama da payometira, wato mahaifa ce ta tara mugunya. Yau za ki kai ta asibitin dabbobi, kar ki ce sai gobe. Kin ma yi sa'a mugunyar tana fitowa, don idan bakin mahaifar a rufe yake ba a ganin mugunyar sai ta fashe a ciki ko guba ta shiga jini ta taɓa ƙoda.

To allurar nan ita ce ke ci min rai. Kullum sai na ji wani mai yawo da jaka yana kiran kansa likita, ya sayo Depo-Provera ta mata a kemis ya danna wa mage wai don ta daina damun mutane da kuka da daddare. Kukan kam zai tsaya, amma sinadarin da ke ciki irin na furojestaron ne, wato sinadarin jikin mace mai riƙe juna biyu, shi ke kaurara bangon mahaifa ya sa ta tara ruwa ya kuma rage mata ƙarfin yaƙar cuta, sai ƙwayoyin cuta na E. coli su hauro daga gaba su samu wurin zama. Sai an kawo mana ita tana layi sannan a ce wai ai maƙwabciyata ta yi wa tata lafiya lau. Ta maƙwabciyar ma tana cikin haɗari, haba jama'a!

A asibiti za a yi mata sikanin, a sa mata ƙarin ruwa da antibayotik, sannan a yi tiyata a cire mahaifar da ma'ajiyar ƙwai gaba ɗaya. Antibayotik irin Ampiclox kaɗai ba ya kwashe mugunya. In babu mai tiyata kusa da ke, ki wuce asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya.

Kuma don Allah kar ki ba ta Panadol ko da rabi ne, hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta ishe ta mutuwa.