Kotu ta yanka masa kuɗin ciyar da yara, amma rabi yake kawowa

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Daga Ƙofar Marusa a Katsina nake rubutowa. Bayan rabuwarmu, kotun shari'a ta bar mini riƙon yara uku, ta ce babansu ya riƙa ba da N30,000 duk wata. Wata takwas ke nan, sau ɗaya ya cika. Wani watan N15,000, wani watan N10,000, wani watan shiru. Yana da shago a babbar kasuwa, kuma ya ƙara aure. In na yi magana sai ya ce ai yana ƙoƙari. Zan iya sa a ɗaure shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kotu ba ta san abin da ke faruwa ba sai kin koma kin faɗa mata. Alƙali ba ya bin mutane gida ya ga ko sun biya, shi ya sa hukunce-hukuncen ciyarwa da yawa ke ƙarewa a kan takarda.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Katsina ke hukunci da ita, ciyarwar 'ya'ya da lokacinta ya wuce tana iya faɗuwa, sai fa idan alƙali ya riga ya yanka ta. Taki an yanka. Don haka duk abin da ya rage alhali yana da hali, bashi ne a wuyansa, kuma karɓar rabin da kika yi ba yafe sauran ba ne. Ba shi da ikon rage wa kansa ko sisi. In kasuwa ta juya masa baya, shi ne zai je kotu ya nemi sassauci.

Kafin ki tafi, ki samu littafin rubutu na 'yan makaranta ki jera watannin: abin da aka yanka, abin da ya shigo, abin da ya rage. Wata takwas N240,000 ne. In abin da ya kawo N110,000 ne, kina binsa N130,000. Da adadi ake tsayawa gaban alƙali, ba da "ba ya ba ni komai" ba, don da ya fito da rasit ɗaya maganarki ta yi rauni. Ki ajiye saƙonnin banki. In da hannu ake aiko yaro da kuɗin, ki sa a riƙa miƙawa gaban waliyyinki. Ki kuma rubuta buhun gero ko kuɗin makaranta in ya taɓa biya, gaskiya ce, kuma zai ambata.

Sai ki je wurin rajistaran kotun da ta yi hukuncin, da kwafinsa a hannu, ki nemi a zartar. Za a aika masa sammaci ya zo ya yi bayani.

Batun ɗauri kuwa, a nan alƙali ke rarrabe wanda ya kasa da wanda ya ƙi. Suratul Baƙara aya ta 280 ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin matsi, hadisi kuma ya ce jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Wanda ya kasa, a ba shi lokaci ko a rarraba masa bashin. Wanda aka tabbatar yana da hali ya ƙi, ya raina umarnin kotu: ana iya kama kayansa a sayar, ana iya tsare shi. Shago da sabon aure hujja ce mai kyau, amma ki zo da wanda ya san cinikinsa.

Ni dai ba na fara neman ɗauri, domin mutumin da ke tsare ba ya buɗe shago, yaran ne za su kwana da yunwa. Abin da na fi roƙa shi ne a sa ranar biya tsayayya, a riƙa biya ta hannun kotu ana ba da rasit, ya kuma kawo mai tsaya masa. Yawanci sammaci na biyu ya isa.

Kada ki hana shi ganin yaran don ramuwa, zai juya maganar ta koma kanki. In kuɗin lauya ne matsala, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa tana da ofis a Katsina, kuma a kotun shari'a kina iya tsayawa da kanki.