Karin kumallon ɗaliba a Montreal

Ƙanwata, na ga saƙonki. Kin samu gurbin karatu a Montreal ta ƙasar Kanada, kina tambaya me za ki riƙa karyawa da shi tunda babu mai koko da ƙosai a bakin layi. Gaskiya babu. A watan Janairu ma, sanyi kan kai digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili, ko akwai ta ba za ki fita nemanta ba. Cin abinci a waje kullum kuwa zai cinye miki kuɗin haya.

Abin da nake so ki iya kafin ki taso shi ne gasasshen burodi da ƙwai da madara, wanda mutanen Kebek, lardin da Montreal take ciki, ke kira pain doré. Yawanci a kasko ake soya shi yanka-yanka, amma ɗaliba mai lacca ƙarfe takwas ba ta da wannan lokacin. Na gashi ya fi miki. Da daddare ki yayyanka dogon burodi ɗaya wanda ya kwana ya bushe, irin wanda kika sani a Maraɗi, ki jera a kwanon gashi da kika shafa wa bota. Ki kaɗa ƙwai 6 da rabin litar madara, sukari cokali 3, kirfa da ɗan gishiri, ki zuba a kai, ki danna da bayan cokali har ko'ina ya jiƙa. Ki rufe, ya kwana a firij. Sabon burodi ba ya yi, caɓewa yake. Da asuba ki saka a obin minti 40 zuwa 45, har sama ya yi ja, tsakiya ta daina rawa in kin girgiza kwanon. Ki lura, obin ɗin nan lissafin Fahrenheit yake yi: 350 za ki murɗa, shi ne wajen 180 a namu. Ragowar zai kai ki kwana uku, ɗumamawa kawai.

Mutanen nan ruwan zaƙin itacen maple suke zubawa a kai. Fiye da kashi biyu cikin uku na wanda duniya ke sha daga Kebek yake fitowa, amma duk da haka ba shi da araha. Zuma ta wadatar, ni ma na fi son ta.

Sai abin da ba kowa zai gaya miki ba. Girke-girkensu kusan duk suna cewa a sa ruwan vanila, kuma na kwalba yawanci da barasa ake haɗa shi, don haka ki karanta jikin kwalbar ko ki bar shi, kirfa ta isa. Haka in abokan karatu suka gayyace ki karyawar hantsin Lahadi, ki tambaya kafin ki ɗiba: naman alade ba ya rasuwa a teburin, lemon da ke cikin dogon kofi kuma sau da yawa an gauraya shi da giya. Ki je da kwanon gasasshen burodinki a hannu, ba wanda zai ga baƙon abu, ke kuma kin san abin da ke ciki.