Tambaya da Amsa: Sabon DAC zai kawar mini da gurnanin lasifika?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ampili da lasifika biyu a falo, haɗe da telebijin da kwamfuta. Akwai wani gurnani da ba ya ɗaukewa ko an rage murya. Abokina ya ce in sayi DAC na waje na jika 150. Mai gyara kuma ya ce zai yanke wayar ƙasa ta ampilin (wato wayar kariya da ke kai wuta cikin ƙasa), ƙarar ta tafi kyauta. Da ƙyar na tara kuɗin nan, kuma a falon yarana ke wasa. Wanne zan bi? Daga mai karatu a Sabon Gari, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna, kuma don Allah kada ka bari mai gyaran nan ya taɓa maka ampili.

Aikin DAC ka san shi, mayar da lambobi su zama sautin da ampili ke ƙara wa ƙarfi, kuma da ma akwai shi cikin telebijin ɗinka da salularka. Na waje yakan rage shuu ɗin da ke fitowa daga ramin kunne na kwamfuta mai araha, ganga da murya su ɗan ƙara fita tas. A wajen gyara sauti, iyakarsa ke nan. Ma'aunin da Sony da Philips suka fitar wa faifan CD a 1980, bit 16 da awo 44,100 a daƙiƙa, ya riga ya ɗauke duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, daga hertz 20 zuwa 20,000, wato daga sauti mafi kauri zuwa mafi siriri. Manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali ba za su ƙara maka kunne ba. In kuma waƙoƙinka irin waɗanda ake turawa a kasuwar Dole ne, MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa, to an matse su sun koma kusan kashi ɗaya cikin 11 na girman asali, abin da aka zubar kuwa babu na'urar da ke maido shi. Da za ka shimfiɗa darduma a kan simintin falon, ka rataya labule mai kauri, ka janye lasifikan daga jikin bango, sai ka fi jin bambanci.

Gurnanin da kake ji daga kuran yake, mai juyawa sau 50 a daƙiƙa. Idan na'urori biyu suka sami ƙasa ta hanyoyi dabam-dabam, 'yar wuta kan bi ta wayar sautin da ta haɗa su, ampili kuma ya ƙara mata ƙarfi kamar waƙa. Mai gyaran bai yi ƙarya ba, in an yanke wayar ƙasa ƙarar kan tafi. Abin da bai faɗa maka ba shi ne abin da ke tafiya tare da ita.

Kusan kullum sai an kawo mini ampili da aka yi wa wannan aika-aika, kuma raina na ɓaci. Akwatin ampili ƙarfe ne, volt 220 ke shiga cikinsa. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana busar da robar wayoyi har ta tsage, ga ƙurar hunturu, ga wuta da ke hawa da sauka. Ran da waya mai wuta ta taɓa akwatin, wayar ƙasa ce ke kwashe wutar, fis ya ƙone ko makatsar wutar gida ta faɗi. In babu ita, akwatin zai zauna shiru da wuta a jikinsa, waƙa na tashi, babu wata alama. Sai yaro ya fito daga alwala, ƙafa jiƙe a kan siminti, ya ɗora hannu. Wuta mai ƙarfin miliyamfiya 30 kacal, wadda ba ta kai abin da ƙwan fitila irin na dā ke ja ba, tana iya rikita bugun zuciya. Wasu ma sai su ƙara da naɗa zaren tagulla a gurbin fis, wai don kada ya sake ƙonewa. To ai don ya ƙone aka yi shi! Mutum ya karɓi dala ɗari biyu ya bar wa maigida tarko a tsakar ɗaki, ya kira wannan gyara? Masu sana'armu, ku ji tsoron Allah. Rayukan 'ya'yan mutane amana ne a hannunmu, kuma za a tambaye mu.

Ga abin da za ka yi. Haɗa telebijin, kwamfuta da ampili a soket guda mai ƙasa. Sannan ka riƙa zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya kana saurare, ka fara da wayar tauraron ɗan Adam da cajar kwamfuta, don su na fi kamawa da laifi. In ta tabbata daga telebijin ne, nan DAC zai yi maka rana: nemi ƙarami mai karɓar wayar haske, Toslink. Haske take ɗauka, babu tagulla a cikinta, wuta ba ta da hanyar bi. Irin wannan bai kai ko kusa da jika 150 ba. Daga canjin, kira ma'aikacin lantarki na ƙwarai ya auna ko soket ɗin falon naka ma yana da ƙasa.